Ruwan Daro da Haɓon Yayata

Ko da zan manta da rabin garuruwan da na ratsa a rayuwata, ba na jin zan manta da abin da ya sami yayata a gidana na Tanut, sanadiyyar ɗan ganyen da na tsinko a tafki don in ƙawata wa kifayena mazauninsu. Shekaru sun shuɗe, ita kanta ta riga mu gidan gaskiya da wani ciwo daban, amma har yau abin yana faɗo mini a rai.

Ni direban manyan motoci ne a zamanina. Na kai kaya Tamanraset da Sabha, na sauka Legas da Kwatano, na daɗe a Abijan ina yi wa wani ɗan kasuwa Balabane, wato mutumin Labanan, aiki. A hanya na tsinci Larabci da Buzanci da Faransanci da ɗan Yarbancin sayen abinci. A falon Balabanen nan na fara ganin akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye ƙanana masu launi suna yawo a tsakanin ganyaye. In na kawo masa takardun kaya ya ce in jira, ba na jin tsawon jiran, don idona yana kan akwatin. Tun a lokacin na ƙudurta cewa ranar da na ajiye tuƙi sai na yi irinsa a ɗakina.

Da na dawo gida na zauna, sai na sayo akwatin a Kano tare da 'yan kifaye da ƙaramin injin da ke hura musu iska, na haɗa shi da hasken rana. Wanda ya san Tanut ya san irin kallon da aka yi mini. A garin da ake bin layin famfo da bido, wato jarka, tun safe, a ce wani tsoho ya cika gilashi da ruwa don kifin da ko miya ba za a yi da shi ba. Abokan hirata suka sa mini suna sarkin ruwan Damargu, wato yankin namu. Uwargidana Hajiya kuwa ta kafa doka ɗaya: duk ruwan da na canza wa kifin, nata ne, za ta zuba wa shukokinta. Na yarda, don ni ma ɗan ƙasar nan ne. A Abijan na ga ana wanke mota da ruwan da zai ishi ƙauye sha, kuma ban taɓa sabawa da ganin haka ba.

Abin da ya rage mini shi ne ganye. Na robar da aka haɗo ni da shi a Kano ya koɗe, ya yi kama da tsintsiyar da aka gama da ita. Ina son mai rai. Sai bayan damina ta ɗauke, tafkuna suna cike, na hau babur na nufi wani tafki a wajen Ollelewa, inda na san ruwa yana daɗewa. Na tarar da makiyaya suna shayar da shanu a gefe guda, na gaishe su, na naɗe wando na shiga ta ɗaya gefen. Suka tsaya suna kallona. Ɗaya ya tambaye ni ko magani nake nema, na ce masa na kifi ne, ya dubi ɗan'uwansa, suka koma kan shanunsu.

Mai lambun Balabanen ya taɓa koya mini yadda ake gane ganyen ruwa na gaskiya. Ba duk abin da ka gani a cikin tafki ne ɗan ruwa ba, da yawa ciyawar tudu ce da ruwa ya ci, in ka sa ta a akwati ruɓewa za ta yi ta kashe kifi. Dabarar ita ce ka ɗaga ganyen sama. In ya tsaya ƙyam a hannunka, na tudu ne. In ya langaɓe ya kwanta kamar jiƙaƙƙen gashi, wannan ruwa ne ke ɗauke da shi, shi ne naka. Da haka na zaɓi wata mai laushi, mai siraran ganye kamar jelar ɗan akuya, wadda har yau ban san sunanta ba. Na haɗa da ƙananan kainuwa, na tono ɗan bado guda da saiwarsa. Na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu na ɗaure a bayan babur.

Na san ba a ɗauko ganye daga tafki a jefa shi ga kifi kai tsaye. A tsakar gida na zauna na wanke laka, na yanke duk inda ya ruɓe, na bi bayan kowane ganye da farce ina kankare ƙwan katantanwa, wanda yake manne kamar ɗigon ƙaro. Na fitar da wasu ƙwari masu muƙamuƙi, irin waɗanda ke cin 'ya'yan kifi. Sannan na cika babban daro da ruwan famfo mai kyau, na nutsar da ganyen, na ajiye a inuwar dalbejiya ya kwana, don duk abin da ya ɓuya a saiwa ya fito da kansa. Washegari na tsame su na sa a wani ruwan da na ɗiga masa farmanganat, maganin nan mai launin shunayya da ake wanke miki da shi, na ɗauraye, na dasa a akwati. Ya yi kyau ƙwarai. Kafin in fita na ce wa Hajiya ruwan daron nan kada a ba awaki, a zubar. Ta ce ta ji, amma ba za ta zuba wa shuka ruwa da tsakar rana ba, sai la'asar ta yi sanyi. Na kama hanyar kasuwa, raina fes.

A lokacin yayata tana gidan. Ita ce babbarmu, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har na yi furfura ba ta daina kira na Auta ba. A wani ƙauye na wajen Gangara take zaune, ta zo mana hutu bayan an gama girbi. Mace ce doguwa, mai kaifin baki, wadda ta yi rayuwarta tana jan guga a rijiya mai zurfin da igiyarta sai jaki ya ja. Ranar da ta fara ganin akwatin ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Auta, yawon duniyar da ka yi, abin da ka koyo ke nan? Ka ɗaure kifi a ɗaki kana ba shi abinci, shi ba ya ba ka?" Duk da haka na sha kama ta da hantsi ta jawo tabarma gaban gilashin tana jan carbi tana kallonsu.

Ba a yi mako da dasa ganyen ba ta fara haɓo. Da fari ba mu ɗauke shi komai ba. Zafin kaka ne, aka ce, kuma tsofaffi sukan yi. Hajiya ta jiƙa mata tsumma ta ɗora a goshi, jinin ya tsaya, da yamma ya dawo. Ba ya zuba da ƙarfi, ɗiga yake yi a hankali ta hancin hagu, amma ba ya ƙarewa. In ta kwanta sai ya bi ta maƙogwaro, ta tashi tana tofar da shi. Na kai ta likita, asibitin garinmu. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, mutum ne mai haƙuri. Ya auna jininta ya ce ya ɗan hau, ya haska hancin da tocila bai ga komai ba sai jini, ya cusa auduga, ya ba mu magani. Kwana biyu abin ya lafa. Da aka cire audugar ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Haka muka shiga mako na uku, na huɗu. Na ga matar da ke ɗaukar damin hatsi a ka ta koma sai an riƙe ta za ta je bayan gida. Tafin hannunta ya yi fari, leɓɓanta suka koɗe, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Abin da ya fi damunta ba ciwon ba ne, sallarta ce. Kullum tana canza mayafi, tana tambayata ko sallar da aka yi jini na ɗiga a kan tabarma ta karɓu. Wani lokaci takan ce mana tana jin abu yana motsi can cikin kanta, a bayan ido. Muka ɗauka jirin ne. Hajiya ma ta ce mini ta ga gudan jini baƙi ya leƙo daga hancin ya koma, na ce mata ai gudan jini haka yake, numfashi ke jan sa.

Majo ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, a kai ta Damagaram a duba ta da na'ura. Nan yayata ta kafe. Ta ce ta ga waɗanda aka kai babban asibiti, a mota ake dawo da su a naɗe. In lokacinta ne ya yi, a ɗakinta take so ya same ta, kusa da kabarin mijinta. Ta kira Hajiya ta faɗa mata wa za a ba tunkiyarta, wa za a ba tukwanenta. Ta sa aka yi wa babban ɗanta waya ya zo ya ɗauke ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata cewa daga ƙauyensu zuwa wurin da ake ƙarin jini tafiya ce mai nisa a kan rairayi. Ta ce, "Ni na goye ka, ba kai ka goye ni ba." Ɗan nata ya iso da motar haya irin ta kasuwar ƙauye. Shi ma hankalinsa a tashe yake, amma ya ce mini, "Kawu, ba zan iya saɓa mata ba." Na san in motar nan ta fita da ita daga Tanut, ba zan ƙara ganinta da rai ba, kuma na rasa abin da zan yi.

Suka tsayar da tafiya bayan azahar. An ɗaure kayanta, direba yana jira a ƙofar gida. Ta ce sai ta yi salla tukuna. Ba ta iya ɗaga buta, sai na durƙusa a gabanta a bakin rariya ina zuba mata ruwa, abin da ban taɓa yi mata ba tunda aka haife ni. Rana tana tsaka, haske ya faɗo daidai fuskarta. Ta wanke hannu, ta kurkure baki. Ta tara tafinta na cika mata, ta kai shi hanci za ta shaƙa, sai ta dakata tana mayar da numfashi, ruwan yana nan a ƙarƙashin hancinta.

A nan na ga abin. Wani baƙin abu ya sulalo daga hancin hagu, ya miƙe, ya sirance, ya taɓa ruwan da ke tafinta da bakinsa, ya karkata dama da hagu kamar mai neman hanya. Da ta motsa, sai ya tsuke ya koma ciki.

Butar ta faɗi daga hannuna. Na ga hatsarin mota iri-iri, na taɓa kwana da gawa a Sahara muna jiran taimako, amma ban taɓa ganin abin da ya firgita ni kamar na ranar ba. Ba gudan jini ba ne. Gudan jini ba ya neman ruwa. Sai ga wani abu da na gani tun ina saurayi ya dawo mini: a wani kwarin duwatsu na Ayar, inda ruwa ke taruwa a cikin dutse, na taɓa ganin Buzaye sun durƙusar da raƙumi mai zubar da jini ta hanci, suka buɗe shi suka zaro masa matsattsaku. Su kansu ba sa shan ruwan wurin sai sun tace da bakin rawani.

Yayata ta dube ni ta ce, "Auta, lafiya? Ka zubar da ruwa."

Na ce, "Yaya, ba mutuwa za ki yi ba. Abu ne mai rai a hancinki, yana shan jininki."

Ta yi salati a hankali. Ɗanta ya matso, na sa ta sake tara ruwa, muka jira. Da abin ya sake leƙowa, Hajiya ta dafe bango ta zauna a ƙasa. Shi kuwa ɗan ya kai hannu zai fizgo shi, na riƙe masa wuyan hannu. Na ce masa matsattsaku santsi gare shi, kuma yana manne da nama ta ɗaya bakin. In ya kuɓuce zai shige can inda ba a iya kai wa gare shi, in ya tsinke kuma rabinsa ya zauna. Direban da ya zo kai ta ƙauye shi ya kai mu likita, ita a gaba, kayanta a ɗaure a saman mota.

Da na yi wa majo bayani, ya dube ni, na ga alamar yana auna ko tsufa ya fara taɓa ni. Ya ce ya karanta irin wannan a makaranta amma bai taɓa gani ba. Ya haska hancin, babu komai. Na roƙe shi ya kawo ruwa a ƙaramin kwano. Ya zaunar da ita, ya riƙe kwanon har ruwan yana taɓa hancinta, ɗaya hannun da hantsaki, ya ce kowa ya yi shiru. Muka jira. An daɗe, sannan abin ya fito. Ya kai masa cafka ya kuɓuce. Yayata ta ce wa majo, "Ɗana, kada ka ji tsoro, ni ban ji ba." Muka sake jira, wannan karon ya fi daɗewa. Da ya sake leƙowa majo ya bar shi ya miƙe sosai, sannan ya damƙe shi a tsakiya. Bai ja ba. Ya riƙe, ya sa mataimakiyarsa ta ɗiga ruwan gishiri mai kauri a hancin. Abin ya yi ta murɗawa a bakin hantsakin, can sai ya saki.

Ya kai tsawon ɗan yatsana na tsakiya, ya yi ƙiba, baƙi mai ratsin ruwan ƙasa a gefe. Majo ya jefa shi a kwano ya ja baya, ya cire hularsa ya share gumi. Mataimakiyar ta fita waje da gudu. Yayata ta ce a miƙo mata ta gani. Ta daɗe tana kallonsa yana iyo a kwanon, sannan ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya sa na raba tukwanena?"

Jinin bai tsaya nan take ba, majo ya ce yawun matsattsaku yana hana jini daskarewa, sai da ya sake cusa auduga ya kwantar da ita ya sa mata ƙarin ruwa. Yana rubuta magani ya tambaye ta yaushe rabonta da shiga tafki ko shan ruwansa. Ta ce tunda ta zo Tanut ba ta fita ko ƙofar gida ba, ruwan famfo take sha kamar kowa. Ya ce ai famfo ba ya kawo wannan. Ni ina tsaye a bakin gado, sai daron nan ya faɗo mini. Na tambaye ta ko ta taɓa ruwan da ke cikin daro a ƙarƙashin dalbejiya.

Ta ce, "Wanda ka jiƙa ciyawarka? Da shi na yi alwalar azahar da la'asar ranar. Ya kwanta, garau da shi, ga sanyi. Na ji kana cewa a zubar. Na ce ba a gabana ba."

Na ce, "Yaya, ai na faɗa kada a ba awaki."

Ta ce, "Ni akuya ce? Ban sha ba. Alwala na yi. Ruwan da ganyen tafki ya kwana a ciki ai bai fita daga tsarki ba, kowane malami ka tambaya."

Gaskiyarta ne, ta fuskar tsarki. Hajiya ma ta tuna cewa da ta zo zuba wa shuka da yamma ta ga ruwan ya ragu, ta ɗauka rana ce ta sha. Majo ya ce lokacin da ya shiga bai fi zare kauri ba, zai bi ta bakin buta ba wanda ya lura, kuma ba a jin cizonsa. Wato aikin da na yi ya yi daidai yadda aka koya mini: matsattsakun ya bar saiwar ganye ya fito cikin ruwa, kifayena sun tsira. Sai dai wanda ya koya mini a garin da ake tuntsurar da daro a kwata yake zaune, ba a garin da tsohuwa ke jin zubar da ruwa mai kyau kamar zubar da hatsi ba.

Ba ta tafi ƙauye ranar ba. Aka sauke kayanta, ta yi wata guda tana shan maganin ƙarin jini, Hajiya tana dafa mata hanta da zogale. A hankali launinta ya dawo, bakinta ma ya dawo. Ta aika aka gaya wa waɗanda ta yi wa rabon kaya cewa kowa ya dakata, mai su tana nan. Ta rayu shekaru bayan haka, ta ga auren jikokinta. Amma ba ta ƙara shaƙa ruwa a alwala ba sai ta ɗaga tafinta ga haske ta duba, kuma na ji an ce matan ƙauyensu da yawa sun ɗauki wannan ɗabi'a daga gare ta.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ɗebo ganye daga tafki ya ɗebo tafkin ne gaba ɗaya, da abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Wanke ganye ba ya kashe abin da ke jikinsa, mayar da shi cikin ruwan wankin kawai yake yi, don haka aiki bai ƙare ba sai an san inda ruwan nan ya tafi. Yanzu in na jiƙa ganye, a rufe nake ajiye shi, in na tsame kuma sai in watsa gishiri a ruwan, in haƙa rami in juye da hannuna kafin in ɗaga ƙafa. Kuma duk dabarar da mutum ya koyo a wata ƙasa, kafin ya yi aiki da ita a gida ya tsaya ya dubi mutanen gidan, ya tambayi kansa me za su yi da abin da ya bari a baya. A ƙasarmu ruwa ba ya zama a daro ba mai shi.